Tambayoyi da Amsoshi Kan Bindiga Mai Ɗura Kanta: Zaɓe, Haɗawa da Kulawa

Duk inda aka tayar da zancen doguwar bindiga mai ɗura wa kanta harsashi, tambayoyin kusan iri ɗaya ne: wacce zan saya, wane harsashi ya dace, zan iya haɗa ta da hannuna, sau nawa ake wanke ta. Na tattaro su a nan na amsa. Wanda na yi rubutun dominsa shi ne mutumin da dokar ƙasarsa ta ba shi izinin mallaka, mafarauci ko mai wasan harbi, wanda yake son ya riƙe abin da hankali. Abu ɗaya nake so ya zauna maka a kai tun daga farko: wannan bindigar, kafin ƙarar harbinta ta gama fita daga kunnenka, ta riga ta sake ɗurawa. Yawancin amsoshin da ke ƙasa daga nan suka samo tushe.

Mece ce bindiga mai ɗura kanta? Ita ce mai ɓarin wuta?

Ba ita ba ce, kuma mutane da yawa suna cakuɗa su. Mai ɗura kanta, idan ka danna kunama sau ɗaya, harsashi ɗaya ne ke fita. Sai ta tofar da kwanson, ta ɗauko wani daga gidan harsashi, ta tsaya tana jiranka. Ba za ta ƙara harbi ba sai ka saki kunamar ka sake dannawa. Mai ɓarin wuta kuwa, irin ta soja, muddin yatsa na kan kunama ba ta tsayawa sai gidan harsashi ya ƙare. A ido suna iya kama da juna ƙwarai, amma kayan cikinsu daban ne, matsayinsu a doka ma daban ne.

To ta yaya take ɗura kanta?

Da ƙarfin harsashin da ya tashi take aiki. Allura tana bugun ƙyastun da ke gindin kwanso, albarushi ya kama, iska mai zafi ta tunkuɗa kan harsashin cikin bututu. Wani ɓangare na wannan ƙarfin shi ake karkatarwa ya tura sakata baya, wato ƙarfen da ke toshe gindin bututu. Sakatar ta fizgo kwanso ta jefar, ta ɗana kunama, sai sifirin ya dawo da ita gaba tana tura sabon harsashi zuwa makwancinsa, gurbin da yake zama a gindin bututu.

Hanyoyin karkatar da ƙarfin ne suka bambanta. A ƙananan bindigogi masu cin harsashin .22 (lambar kaurinsa ce a awon inci), kwanson ne da kansa yake tura sakata, nauyinta da sifirin kaɗai ke riƙe ta. Manyan harsasai sun fi ƙarfin wannan dabarar, don haka ake huda ɗan rami a jikin bututu a ɗebi iskar. A wasu, kamar M1 Garand da SKS da dangin Kalashnikov, iskar tana bugun fistin, shi kuma ya tura sakata. A dangin AR-15, siririn bututu ne ke kai iskar har cikin abin da ke ɗauke da sakatar. Wannan ya sa bindigar ba ta da nauyi kuma tana da saiti, sai dai kunkunniya da zafi suna taruwa a tsakiyar kayan aikinta. Masu fistin sun fi zama da tsabta a ciki, amma sun fi nauyi ta gaba. An daɗe ana musu kan wacce ta fi. A ganina duk wadda aka ƙera da kyau kuma aka kula da ita za ta yi wa mai ita aiki, musun ya fi bambancin girma.

Sabuwar fasaha ce?

Ta haura shekara ɗari. Ferdinand Mannlicher na ƙasar Ostiriya ya fitar da samfurinsa tun 1885. John Browning ya zana wadda kamfanin Remington ya fara sayarwa a 1906, wadda daga baya aka sani da Model 8, kuma mafarauta ne suka fi sayenta. Sojan Amurka ya karɓi M1 Garand a 1936, mai cin harsashi 8. SKS ta Sergei Simonov ta fito a Tarayyar Sobiyet a 1945. AR-15 ta samo asali ne daga AR-10 ta Eugene Stoner a kamfanin ArmaLite, kuma haruffan AR daga sunan kamfanin suka fito. Kamfanin Colt ya sayi zanen a 1959, ya fara sayar wa farar hula da samfurin mai harbi ɗaya-ɗaya a 1964. A wannan shekarar ce kuma Ruger 10/22 ta shigo kasuwa.

Kowa na iya mallakarta?

Wannan ce tambayar da ya kamata ta riga kowacce, domin in amsarta a ƙasarka a'a ce, sauran bayanin ilimi ne kawai, ba na aiki ba. A ƙasashe da dama an haramta wa farar hula irin wannan bindigar gaba ɗaya, kuma ɗauri mai tsawo ne hukuncin wanda aka kama da ita.

Ko ƙasashen da a da suka sassauta, da yawansu sun tsaurara, kuma kowace da jinin da ya jawo hakan. Birtaniya ta haramta manyan masu ɗura kansu a 1988 bayan kisan Hungerford na 1987, ta bar masu cin .22 kaɗai ga masu lasisi. Ostireliya ta yi nata a 1996 bayan an kashe mutum 35 a Port Arthur, gwamnati ta saye bindigogi fiye da 600,000 daga hannun jama'a ta lalata. New Zealand ta haramta yawancinsu a 2019, makonni kaɗan bayan harin masallatai biyu na Christchurch inda aka kashe mutum 51. Kanada ta haramta samfura kusan 1,500 a watan Mayun 2020.

A Amurka, inda al'adar haɗa bindiga ta fi ƙarfi, dokar tarayya ta yarda, da sharuɗɗa. Mai saye daga dillali mai lasisi sai ya kai shekara 18, ya cike takarda mai lamba 4473, a kuma binciki tarihinsa ta tsarin NICS da ya fara aiki a 1998. Sayen bindiga da sunanka domin wani wanda doka ta hana babban laifi ne. Tarayya ta taɓa hana wasu samfura daga 1994 zuwa 2004, kuma har yau jihohi irin su Kalifoniya da New York suna da nasu hanin. Abin da ya halatta a wata jiha yana iya kai mutum kurkuku a maƙwabciyarta. Kafin ka kashe ko sisi, ka tambayi hukumar da ke ba da lasisi, kada ka dogara da ji-ta-ji-ta.

Ban taɓa riƙe bindiga ba. Da wacce zan fara?

Ka fara da malami. Ka je filin koyon harbi mai rajista, ka yi darasi, ka taɓa samfura biyu ko uku kafin ka yanke shawara. Gani ya kori ji: bindigar da ta yi kyau a hoto tana iya yi maka tsawo a kafaɗa ko nauyi a hannu.

In ka tashi saye, shawarata mai cin .22 LR, irin Ruger 10/22 ko Marlin Model 60. Na san akwai masu raina ta, suna ganin ta yara ce. Amma harsashinta ya fi kowane sauƙin kuɗi, ƙararta kaɗan ce, ba ta dukan kafaɗa, saboda haka sabon maharbi ba ya koyon ƙifta ido da zabura kafin harbi, ɗabi'ar da in ta kama mutum take wuyar saki. Da ita za ka koyi numfashi, da matsa kunama a hankali, da ɗora kunci wuri ɗaya kullum. Wanda ya yi harbi dubu da ƙaramar nan ya fi wanda ya yi ɗari da babba iya saiti. Kuma kada ƙanƙantarta ta ruɗe ka, tana kisa kamar kowace.

In na wuce wannan matakin, wane harsashi zan zaɓa?

Aikin da za ka yi shi zai zaɓa maka. Domin harbin allo da ƙananan dabbobi, .223 Remington ta isa. Domin manyan namun daji, mafarauta sun fi komawa ga .308 Winchester, wadda ta fito a 1952, ko 6.5 Creedmoor ta 2007 ga masu harbin nesa. Wurare da yawa suna da dokar mafi ƙanƙantar harsashin da aka yarda a harbi babbar dabba da shi, kuma dokar tana da hujja: harsashin da bai kai ba raunata dabba yake yi, ta tafi ta mutu cikin wahala. Ka kuma duba wanda ake samu cikin sauƙi. Bindigar da ba ka iya sayen harsashin yin atisaye da ita, ado ce kawai.

An ce .223 da 5.56 abu ɗaya ne. Haka ne?

A waje kamar tagwaye suke, amma akwai bambanci. Makwancin 5.56 yana da ɗan ƙarin fili a gaban harsashi kafin zanen cikin bututu ya fara. In ka sa 5.56 a makwancin da aka yanka domin .223, matsin iska yana iya haura ƙima. Akasin haka ba matsala: bututun 5.56 yana cin duka biyun, haka ma wanda ake kira .223 Wylde. Ka karanta abin da aka buga a jikin bututun kansa, domin rubutun jikin gangar bindigar ba lallai ya dace da bututun da aka ɗaura mata ba.

Akwai wanda ya fi wannan haɗari nesa ba kusa ba. Harsashin .300 Blackout yana shiga gidan harsashi iri ɗaya da na .223, kuma yana iya zama a makwancin .223 har sakata ta rufe. In aka danna kunama, kan harsashi mai kauri ya tarar da ramin da ya yi masa kaɗan, bindigar ta tarwatse a gaban fuskar mai ita. Duk mai bindigogin nan biyu ya yi wa gidajen harsashinsu alama da fenti ko tef mai launi, kuma kada ya baza su tare a kan tebur ɗaya.

Mene ne ma'anar 1:7 ko 1:9 da nake gani a jikin bututu?

A cikin bututu akwai zane mai murɗewa wanda ke sa harsashi ya riƙa juyawa, juyawar ce ke hana shi tuntsure a iska. Lambar tana gaya maka tsawon da zanen ke ɗauka kafin ya zagaya sau ɗaya: 1:7 zagaye ɗaya ne a inci 7. Dogon harsashi mai nauyi yana son murɗi mai sauri. Mai nauyin gram 3.6, wanda ake rubuta wa 55 a jikin kwali, yana tafiya daidai a 1:9 har ma 1:12. Mai gram 5, wanda ake rubuta wa 77, sai 1:8 ko 1:7. In ba ka son dogon lissafi, 1:8 tana ɗaukar kusan kowane.

Tsawon bututu kuma, inci 16 zuwa 20 ne aka fi gani. Dogo yana ƙara wa harsashi gudu, gajere ya fi sauƙin ɗauka. A dokar Amurka, bututun da bai kai inci 16 ba, kimanin santimita 41, yana shigar da bindiga wani aji na daban mai nasa ƙa'idojin.

In sayi haɗaɗɗiya ko in haɗa da kaina?

Ta farko dai ka sayi haɗaɗɗiya. Tana zuwa da garanti, an gwada ta a masana'anta, in ta ƙi aiki ka san ƙofar da za ka ƙwanƙwasa.

Abin da masu sha'awa ke nufi da haɗawa shi ne sayen sassan da masana'antu suka riga suka ƙera, a harhaɗa su. AR-15 ta yi suna a nan saboda ta rabu gida biyu, sama da ƙasa, ƙusoshi biyu ne ke riƙe su, kuma kamfanoni da yawa suna yin sassa masu awo ɗaya. A dokar Amurka, gangar ƙasa mai ɗauke da lamba ita ce bindigar. Ita ake saye ta hannun dillali da binciken tarihi, kuma in tsirararta ce sai mai saye ya kai shekara 21. A ƙasashen Turai da dama, bututu da sakata ma sai da lasisi.

Ribar haɗawa ita ce ka zaɓi kowane sashe da kanka, ka kuma san cikin bindigarka kamar tafin hannunka. Amma masu cewa ana rage kuɗi sukan manta da kayan aiki: sifana mai auna ƙarfin ɗauri, abin matse ganga a kan tebur, tsinkunan fitar da ƙusa, ma'aunai. Sukan kuma manta cewa sassa daga kamfani biyar, kowane da ɗan saɓaninsa na awo, suna iya haɗuwa su ba da bindigar da ke tofar da kwanso yau ta ƙi gobe, kuma babu kamfanin da zai ɗauki laifin. In za ka haɗa, zuba kuɗinka a bututu da sakata da kunama. Araha ba ta ado, balle a ƙarfen da ke riƙe wuta kusa da idonka.

Wane aiki ne bai kamata in yi da kaina ba?

Biyu. Na farko, tabbatar da tazarar da ke tsakanin fuskar sakata da inda kwanso ke tokarewa a makwanci. In ta yi yawa kwanso yana iya tsagewa, in ta yi kaɗan sakata ba za ta kulle sosai ba. Bambancin bai fi kaurin gashi biyu ko uku ba. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, to a nan bai sani ba. Maƙerin bindiga yana da ma'aunai na ƙarfe, ɗaya dole sakata ta rufe a kansa, ɗaya dole ta ƙi. Duk lokacin da aka haɗa sabon bututu da wata sakata, a kai masa.

Na biyu, goge haƙoran kunama da zarto domin ta yi laushi. Taurin ƙarfen a fatarsa yake, in ka cinye fatar sai ya riƙa lalacewa, wata rana bindiga ta tashi don an buge ta kawai. In kunamar ba ta yi maka ba, akwai waɗanda aka ƙera cikakku, ka sa masani ya ɗaura maka.

Ana iya juya ta ta koma mai ɓarin wuta? Ko a yi wadda ba ta da lamba?

Ba zan koyar da wannan ba, kuma ina roƙon mai tambaya ya bar zancen. A Amurka an rufe rajistar sabbin masu ɓarin wuta ga farar hula tun watan Mayun 1986, kuma ɗan ƙarfen juyawar kaɗai, ko ba a ɗaura shi ba, yana iya jawo ɗaurin shekara 10. Sauran ƙasashe ba su fi sassauci ba. Bindigar da aka ɓoye asalinta kuwa, ba mafarauci take yi wa amfani ba.

Ta hannu fa? Me zan duba?

Takardu da farko: lambar jikinta ta dace da ta takarda, cinikin kuma ya bi hanyar da doka ta tsara. Lambar da aka kankare ko aka taɓa, juya ka tafi. Sannan, bayan ka tabbatar babu harsashi, haska fitila ta makwanci ka leƙa ta baki. Zanen ya fito da kaifi, babu ramukan tsatsa, babu wani zobe mai duhu da ke nuna bututun ya taɓa kumbura. Duba leɓen bakin bututun, domin ɗan tsagu a nan yana ɓata saiti. Kawunan noti da suka cinye suna gaya maka cewa wani ya taɓa shiga cikinta da kayan aikin da ba su dace ba.

Wane madubin saiti zan ɗora?

Ka fara koyon saitin ƙarfe da ta zo da shi. Bayan nan, mai jan ɗigo ya dace da kusa, mai kusanto da nesa ya dace da farauta da harbin allo. Kada ka sayi madubi mai tsada ka ɗaure shi da maɗauri mai arha, yawancin saitin da ke yawo daga nan yake.

Wajen daidaitawa, kafa bindigar a kan buhun yashi, fara daga mita 25, yi harbi uku ko biyar a wuri ɗaya, sannan ka gyara daga tsakiyar rukunin. Kada ka bi kowane rami kana murɗa madubi. Awon da ake kira MOA kusan santimita 3 ne a mita 100, kuma madubai da yawa kowane ƙas ɗaya rubu'in haka ne.

Sau nawa zan wanke ta?

Akwai darasi a tarihi. Lokacin da aka raba wa sojojin Amurka M16, samfurin AR-15 na soja, a yaƙin Biyetnam, labari ya bazu cewa ba ta buƙatar wanki, da yawa ma ba a ba su kayan wankin ba. Ga shi an sauya nau'in albarushi zuwa mai yawan datti, makwancin ba a lulluɓe shi da kurom ba, ƙasar kuma ga danshi. Kwanso ya riƙa maƙalewa ana tsakiyar faɗa, har majalisar dokoki ta kafa kwamitin bincike a 1967. Daga baya aka gyara makwancin, aka raba kayan wanki.

Ƙa'idata mai sauƙi ce: bayan kowace fita a goge a sa mai, bayan harbi ɗari-ɗari a yi wanki sosai, in ruwa ko ƙura ta same ta a yi a ranar. Wadda ke ajiye ma a duba ta duk bayan 'yan watanni.

Kafin komai, fitar da duk harsashi daga ɗakin. Ba daga bindigar kaɗai ba, daga ɗakin. Sannan ka ware ta iya inda littafinta ya ce. Jiƙa ɗan ƙyalle da ruwan wanki ka tura ta bututu daga makwanci zuwa baki, ka bar shi ya jiƙa 'yan mintoci, ka bi da burushin tagulla, sannan ƙyallaye busassu. Na farko zai fito baƙi ƙirin, na uku toka-toka, in ka ga shuɗi-shuɗi jan ƙarfen jikin harsashi ne ke narkewa. Bindigar da ba ta ba da hanya ta baya, kamar 10/22, a yi mata da igiyar ja domin kada sanda ta ci leɓen bakin. Makwanci yana da nasa burushin, kuma shi aka fi mantawa alhali nan ne kwanso ke maƙalewa. Kada ka wuce gona da iri: kankare da ƙarfe domin neman ƙyalli yana cin bindiga fiye da harbi.

Mai fa, kaɗan ko da yawa?

Dangin AR-15 suna jure datti in akwai mai, amma ba sa jure bushewa. Duba inda ƙarfe ya yi sheƙi saboda gogayya, nan ne ke neman mai. Wuraren da ba a so ya taru su ne makwanci, ramin allura, cikin gidan harsashi, da jikin harsashin kansa. In ka shafa wa cikin bututu mai domin ajiya, ka share shi kafin harbi. A wuri mai yashi a rage, a tsananin sanyi a nemi marar kauri.

Akwai sassan da ke tsufa: sifirin, ƙugiyar da ke fizgo kwanso, da zobba uku na jikin sakatar AR-15. Gwajin zobban ba wuya. Jawo sakatar gaba ba tare da ka cire ta ba, ka tsayar da abin da ke ɗauke da ita a kan fuskarta bisa tebur. In ya zame ƙasa da nauyin kansa, zobban sun gaji.

Na ji ana wanke wasu da ruwa. Ba zai kawo tsatsa ba?

Tsofaffin harsasan soja da yawa ƙyastunsu yana barin gishiri a bututu. Gishirin yana jan danshi, mai kuma ba ya narkar da shi, sai ruwa. Wanda ya harba irinsu ya zuba ruwan zafi ta bututu da hanyar iska a ranar, ya busar sarai, ya sa mai. Kwana ɗaya ya isa ka ga ja-ja.

Masu SKS su ƙara kula da wani abu. Yawancinsu sun daɗe a ajiye cikin daskararren giris, kuma allurarsu sake take yawo. In giris ya bushe ya riƙe ta a waje, bindigar tana iya tashi da zarar sakata ta rufe, ba tare da an taɓa kunama ba. Girgiza sakatar kusa da kunne, ya kamata ka ji allurar tana ƙaras-ƙaras.

Na danna kunama ba ta tashi ba. Me zan yi?

Bar bakinta yana kallon allo, ka ƙirga daƙiƙa 30, domin wani harsashin yana jinkirin kamawa. Sannan cire gidan harsashi, ja sakata, duba. Yawancin cijewa daga gidan harsashi ne mai lanƙwasasshen leɓe, ko rashin mai, ko harsashi marar kyau, don haka ka sa wa gidajen lamba ka gane mai laifin.

Wanda nake so ka fi tsoro shi ne harbin da ya fito da rauni: ƙara 'yar "fus", kafaɗa ba ta ji komai ba. Tsaya nan take. Mai yiwuwa kan harsashin yana maƙale a tsakiyar bututu, kuma na bayansa in ya same shi, bututun ne zai fashe. Sauke komai, ka zura sanda ka tabbatar hanya a buɗe take.

Na cire gidan harsashi. Ba shi ke nan ta zama fanko ba?

A'a. Wannan kuskuren ya kashe mutane da yawa. Ka tuna ta riga ta ɗora ɗaya a makwanci, kuma cire gida ba ya fitar da shi. Tsarin shi ne gida tukuna, sannan a ja sakata a kafe ta a buɗe, a duba da ido, a taɓa da yatsa. In ka juya tsarin, ka ja sakata gida na ciki, ka fitar da ɗaya ne ka ɗora wani.

Ƙa'idoji huɗu da Jeff Cooper, wani malamin harbi Ba'amurke, ya yaɗa suna nan daram: ɗauki kowace bindiga a matsayin ɗurarriya, kada bakinta ya kalli abin da ba ka yarda ya lalace ba, yatsa ya nisanci kunama sai ka saita, ka kuma san abin da kake hari da abin da ke bayansa. An jera su ne yadda in ɗaya ta kuɓuce, sauran za su tare. Makullin jikin bindiga ƙarfe ne, yana iya lalacewa, ba ya maye gurbin ko ɗaya daga cikinsu. Mutane sukan ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, amma in ka bi labarin harbin kuskure, kusan kullum za ka tarar an taka biyu daga cikin huɗun nan a lokaci ɗaya.

Harbi sama don murna fa?

Komai nisan jifa ƙasa zai faɗo. Ƙaramar .22 tana wuce kilomita ɗaya da rabi, 5.56 tana kai wa kusan kilomita 3, kuma harsashin da aka harba a karkace yana saukowa da ƙarfin da zai huda kai. Kada a yi.

Akwai illa ga lafiyar mai harbi?

Kunne ne na farko. Ƙarar da ta haura desibel 140 tana iya yin lahani nan take, babbar bindiga kuwa tana wuce 150. Jin da ya tafi ba ya dawowa. Sa abin toshe kunne na ciki, ka ɗora na waje a kai, musamman a rufaffen wuri, ka sa tabarau saboda kwanso mai zafi. Na biyu darma ce, tana cikin kan harsashi da hayaƙin ƙyastu. Wanke hannu da sabulu kafin cin abinci, kada ka yi wankin bindiga inda ake girki, ka kuma raba kayan da ka je harbi da su da na yara.

Yaya zan ajiye ta a gida?

Fanko, a kulle cikin akwatin ƙarfe da aka kafe a bango ko daɓe, harsashi kuma a wani makullin daban. Saman kabad da ƙarƙashin katifa ba ajiya ba ne. Yara sun san kowane lungu na gida fiye da yadda iyaye ke zato, kuma yaro ɗan shekara huɗu yana da ƙarfin danna kunama. Mabuɗi ya zauna a jikinka. Sa 'yan ƙunshin da ke tsotse danshi a akwatin, kada kuma ka bar ta cikin jakar soso, domin soso yana riƙe laima ya haifar da tsatsa. Rubuta lambarta ka ajiye a wani wuri, in an sace ka kai rahoto a ranar.

Akwai wani ɓangaren da ba a cika son faɗa ba. A Amurka, fiye da rabin mutanen da bindiga ke kashewa kowace shekara su ne suka kashe kansu. Irin wannan ƙuncin sau da yawa na ɗan lokaci ne, yana wucewa in babu makami a kusa. Idan kai ko wani a gidanka ya shiga matsananciyar damuwa, ko rikicin aure ya yi zafi, ko wani ya faɗa shaye-shaye, ko tsufa ya fara taɓa tunanin dattijo, fitar da bindigar daga gidan. Dillalai masu lasisi da ƙungiyoyin harbi da dama suna karɓar ajiya, a wasu wuraren 'yan sanda ma suna karɓa. Ka tambayi yadda ake yi tun kana cikin natsuwa, ka rubuta lambar wayar wurin a jikin ƙofar akwatin, ka kuma gaya wa mutum ɗaya da ka amince da shi inda takardun suke.